BABI NA HUƊU: SAMUWAR WAƘAR "E NO EASY" TA P-SQUARE DA KARƁUWARTA A BAGUDO DA IYAKAR BENIN

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙen gargajiya da aka gada a ƙasar Bagudo. A wannan babi kuwa za a ɗauki waƙar zamani guda ɗaya a bi diddiginta, tun daga inda aka shirya ta har zuwa yadda ta iso kunnuwan mutanen wannan yanki. Waƙar da aka zaɓa ita ce "E No Easy" ta tagwayen mawaƙan nan da ake kira P-Square, wadda ta fito a shekarar 2009, tare da juyinta na Faransanci mai suna "Positif" wanda ya fito a shekarar 2012.

Mai karatu na iya tambayar dalilin da ya sa za a nazarci waƙar da ba da Hausa aka yi ta ba a cikin kundin nazarin Hausa. Amsa ita ce, abin da Bahaushe yake saurare yau da gobe yana daga cikin al'adarsa ta wannan zamani, kuma yana yin tasiri a kan abin da mawaƙansa suke rerawa. Bugu da ƙari, ita wannan waƙa tana da fuska biyu, ta Turancin buroka da ta Faransanci, kamar yadda yankin da ake nazari yake tsakanin ƙasar da Ingila ta raina da wadda Faransa ta raina. Wajen fiɗar waƙar an yi amfani da wasu daga cikin matakan da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), musamman salsala da turke da tsari.

4.1 Ma'anar Waƙar Lokaci

Abin da ake nufi da waƙar lokaci a wannan nazari shi ne waƙar da takan fito ta mamaye gari na 'yan watanni, a ji ta a kasuwa da tasha da gidan biki, sa'annan wata ta zo ta ture ta. A ƙasashen Turai irin wannan waƙa takan yi tashe ne daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da sanyi ya tafi, makarantu suka tashi, ma'aikata suka ɗauki hutu suka nufi bakin teku. Saboda haka kamfanonin waƙa sukan shirya waƙa mai sauƙin amshi da kiɗan rawa su sake ta gabanin wannan lokaci, kuma sau da yawa sukan aro kiɗan daga ƙasashe masu zafi. Misali, waƙar "Lambada" ta ƙungiyar Kaoma ta cika Faransa a 1989. Haka kuma "Macarena" ta mawaƙa biyu 'yan ƙasar Sifen, wato Los del Río, wadda suka fitar a 1993, ta yi mako 14 tana kan gaba a jerin waƙoƙin Amurka a 1996 bayan an sake mata kiɗa. Ita ma "Premier Gaou" ta ƙungiyar Magic System ta Abijan ta fito a 1999, ta kuma yi tashe a Faransa a 2002.

A nan akwai abin lura. Masu fassara sukan kira wancan lokaci na Turai da sunan bazara, alhali watannin Yuni zuwa Agusta a ƙasar Bagudo tsakiyar damina ce. Lokaci ne na shuka da noma da maimai, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun yi wuya, wasu hanyoyin ƙauyuka ma ruwa ya yanke su. Lokacin walwalar Bahaushe shi ne kaka da rani, sa'ad da amfanin gona ya zo gida, aka shiga bukukuwan aure da dambe da kokawa, sai kuma ranakun Sallah ƙarama da babba. Ke nan waƙar da aka shirya domin hutun Turawa, idan ta zo wannan yanki, lokacin da takan sami fili shi ne bayan girbi.

4.2 Taƙaitaccen Tarihin Mawaƙan

P-Square suna ne na tagwaye biyu, Peter Okoye da Paul Okoye. An haife su a garin Jos ranar 18 ga Nuwamba, 1981, iyayensu kuwa 'yan ƙabilar Ibo ne daga Jihar Anambra. Sun yi karatun sakandare a makarantar St. Murumba da ke Jos, inda suka fara da rawa da kwaikwayon mawaƙan Amurka irin su Michael Jackson. Daga baya suka shiga Jami'ar Abuja. A shekarar 2001 suka ci wata gasar waƙa da kamfanin taba na Benson & Hedges ya ɗauki nauyi, wadda ta buɗe musu hanyar fitar da kundinsu na farko.

Kundayen waƙoƙinsu guda shida ne: Last Nite (2003), da Get Squared (2005), da Game Over (2007), da Danger (2009), da The Invasion (2011), da Double Trouble (2014). Tun daga kundi na biyu sun yi aiki ne a ƙarƙashin kamfaninsu na Square Records, kuma yayansu Jude Okoye shi ne ya daɗe yana kula da harkokinsu da shirya musu bidiyo. A shekarar 2010 aka ba su kyautar KORA ta gwarzon mawaƙin Afirka a birnin Wagadugu na Burkina Faso, abin da ke nuna cewa tun kafin juyin Faransanci ya fito sun riga sun yi suna a ƙasashen rainon Faransa. Sun rabu a 2017, suka shirya a watan Nuwamba na 2021, sa'annan suka sake rabuwa a 2024.

Tashinsu a Jos yana da muhimmanci ga wannan nazari. Jos gari ne da Hausa take harshen kasuwa, kuma nan ne Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi zamaninsa yana waƙe talaka da wahalarsa da kuntiginsa. Saboda haka matasan Arewa da dama sukan ɗauki tagwayen a matsayin 'yan gida, ko da yake a Ikko suka yi suna.

4.3 Salsalar Waƙar

4.3.1 Waƙar Asali

"E No Easy" tana cikin kundin Danger na 2009. Tagwayen sun yi ta ne tare da J. Martins, mawaƙi kuma mai haɗa kiɗa, wanda aka sani da kiɗa mai ɗanɗanon hayilayif, wato kiɗan garayar bature da ya daɗe yana tashe a Gana da kudancin Nijeriya. Wannan ɗanɗano ya fito sarai a cikin waƙar. Kiɗan ba mai gaggawa ba ne, yana tafiya ne da rausaya, ta yadda yaro da babba za su iya takawa ba tare da sun koyi wata rawa ta musamman ba.

Yadda ake shirya irin wannan waƙa ya sha bamban da yadda makaɗin gargajiya yake yi. Makaɗin fada ko na jama'a yakan zauna da yaransa su ƙulla gindin waƙa, ya yi ta ƙara mata ɗiya gwargwadon wurin da ya je da mutanen da ya tarar, ta yadda waƙa ɗaya za a iya samun rerawarta iri-iri. A situdiyo kuwa kiɗa ake fara ginawa da fiyano da kwamfuta, a jera sautin ganga da na garaya da na sauran kayan kiɗa ɗaya bisa ɗaya. Bayan haka kowane mawaƙi ya shiga ya ɗora muryarsa shi kaɗai, a maimaita har sai ta zauna, sa'annan mai haɗa sauti ya daidaita su. Da zarar an gama, waƙar ta daskare a siga ɗaya ta mintoci kaɗan. Wannan hanya ita ce dai mawaƙan finafinan Hausa suke bi a Kano da Kaduna da Jos tun daga ƙarshen shekarun 1990.

A lokacin da kundin ya fito, babbar hanyar rarraba waƙa a Nijeriya ita ce kasuwar Alaba da ke Ikko. Mawaƙi yakan sayar wa dillali haƙƙin buga faifai a kan kuɗi dunƙule, shi kuma dillalin ya buga da yawa ya sayar da araha ga 'yan sari daga ko'ina. Wannan tsari ya sa faifai yakan isa garuruwa masu nisa cikin 'yan kwanaki, amma kuma ya sa ribar da ta biyo baya ba ta cika komawa ga mawaƙi ba. Don haka manyan mawaƙa suka fi dogara da wasanni a dandali da tallace-tallacen kamfanoni.

4.3.2 Juyin Faransanci

Bayan shekara uku, wani mawaƙin Faransa mai suna Matt Houston, wanda asalinsa daga tsibirin Gwadalup ne, ya ɗauki waƙar ya sake ta tare da tagwayen a ƙarƙashin sunan "Positif", ya sa ta cikin kundinsa Racines na 2012. An bar karin waƙar da tafiyar kiɗanta yadda kunne zai gane su, aka sa mata kalmomin Faransanci. Ta fito gabanin hutun Turawa na wannan shekara, ta kuma zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka yi tashe a Faransa a lokacin. Daga can tashoshin talbijin na tauraron ɗan'adam masu watsa waƙoƙi, irin su Trace, suka mayar da ita ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, har da Benin da Nijar.

Abin da ya faru a nan ya yi kama da abin da ya sami "Macarena" da "Premier Gaou": waƙa ta yi nasara a gida, sai a sake mata tufa domin wata kasuwa. Bambancin shi ne, "Positif" ta dawo har bakin iyakar ƙasar da aka haife ta, ta tarar da uwarta tana nan ana sauraro.

4.4 Turke da Tsarin Waƙar

Babban turken waƙar shi ne faɗakarwa a kan wahalar neman abin kai da godiya ga Allah idan an samu. Sunan waƙar kansa yana nufin cewa abin ba shi da sauƙi. Mawaƙan suna nuna cewa ɗaukakar da aka gan su da ita bayan fama ta zo, kuma daga Allah take, sa'annan suna kiran mai sauraro da ya saki ransa ya yi farin ciki ko yana da kuɗi ko ba shi da su. A juyin Faransanci an ƙara nauyi a kan kyautata zato da rashin yanke ƙauna, wanda shi ne ma'anar sabon sunan da aka ba ta.

Wannan turke ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Karin maganarsa cike yake da shi, kamar "bayan wuya sai daɗi" da "haƙuri maganin zaman duniya" da "mai nema yana tare da samu". Makaɗan noma sun daɗe suna zuga manomi da cewa wahalar damina ita ce hutun rani, kuma Ɗanmaraya ya yi wa karen mota waƙa a kan irin wannan fafutika.

Ta fuskar tsari, waƙar tana da gindi gajere da ake komawa gare shi bayan kowane ɗa, kuma an cika shi da sautukan da ba su da wata ma'ana sai daɗin rerawa. Wannan dabara ita ke sa wanda bai ji harshen ba ya iya amsawa. Amma akwai bambanci da tsarin jagora da 'yan amshi. A ƙungiyar makaɗin gargajiya jagora ɗaya ne, sauran suna karɓi ko ƙari. A ƙungiyar mutum biyu kuwa kowannensu jagora ne a ɗansa, kuma ɗan amshi ne a ɗan ɗan'uwansa. Tsarin da ya fi kusa da wannan a Hausa shi ne na waƙoƙin nanaye na finafinai, inda namiji da mace suke karɓa-karɓa.

4.5 Hanyoyin Shigar Waƙar Ƙasar Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin Masarautar Gwandu a Jihar Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma daga yamma ta yi iyaka da lardin Alibori na Jamhuriyar Benin. Daga cikin garuruwanta akwai Bagudo da Zagga da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, kuma yawancin waɗannan al'ummu suna da dangi a ɗaya ɓangaren. Iyakar ta samo tushe ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a watan Yuni na 1898, wadda ta bar Illo a hannun Ingila. Ke nan auratayya da cinikayya sun girmi iyakar nesa ba kusa ba.

Waƙa irin wannan tana da hanyoyi biyu na isowa. Ta farko daga kudu take, wato babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi Ilori da Jebba da Kwantagora da Yawuri zuwa Koko, daga nan a ratse zuwa Bagudo. Ta nan fayafayan Alaba suka riƙa shigowa tare da sauran kayan 'yan tireda. Ta biyu daga yamma take, wato hanyar da ta taso daga Kwatano ta bi Paraku da Kandi zuwa Malanbil, garin da kasuwarsa take cikin mafiya girma a Benin. Mutanen Lolo suna ƙetarawa ta Madekali zuwa Malanbil, na Tsamiya kuma suna hulɗa da Segbana. Mai kai albasa ko hatsi ko dabba, da mai sarin shinkafa ko gwanjo, duk suna dawowa da abin da kunnuwansu suka jiyo.

Abin da ya fi faifai tasiri shi ne wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001 ta kuma bazu a karkara cikin shekarun da suka biyo baya. A kusan kowace kasuwa ta yankin akan sami rumfar masu cajin waya da masu turin waƙoƙi, inda mutum zai ba da katin wayarsa a cika masa da waƙoƙi da finafinai a kan kuɗi kaɗan. Daga nan aboki ya tura wa aboki kyauta. Mai turi ba ya tsara waƙoƙi bisa ƙasa ko harshe, yakan zuba abin da ake yayi ne, saboda haka a kati ɗaya sai a tarar da wa'azi da nanaye da waƙar Indiya da ta Zabarma da ta P-Square. Su kuma 'yan kabu-kabu da direbobin motocin kasuwa da masu gidajen kallo da masu sa kiɗa a gidan biki su ne suke fitar da waƙa daga cikin waya zuwa kunnen jama'a.

Wannan hanya ba ta bi ta hannun jami'in kwastan. Ko a lokacin da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019, ta kuma fara buɗe wasu a watan Disamba na 2020, shinkafa da man fetur ne aka tsare, amma waƙa ta ci gaba da ƙetarawa a cikin aljihu.

4.6 Karɓuwar Waƙar

4.6.1 Matasa

Matasa su ne kasuwar irin wannan waƙa. Sai dai ya kamata a lura cewa Turancin buroka ba harshen yau da kullum ba ne a karkarar Kebbi, haka shi ma Faransanci a ɗaya ɓangaren ya fi zama a bakin waɗanda suka yi makaranta da ma'aikatan hukuma. Harsunan kasuwa su ne Hausa da Dandanci da Fulatanci. Ke nan mafi yawan masu sauraro ta ƙofar kiɗa da amshi suke shiga waƙar, ma'ana kuwa sai ta biyo baya, sau da yawa ta bakin wani da ya yi boko ko ya yi cirani a kudu. Da yake ma'anar ta dace da halin ɗan kabu-kabu da ɗan dako da mai fataucin kan iyaka, idan aka fassara masa sai ya ƙara riƙe ta. Samuwar siga biyu kuma ta sa saurayin Lolo da na Madekali suna iya haɗuwa a kan kari ɗaya, kowa da kalmomin da ya iya.

4.6.2 Iyaye da Malamai

Iyaye da malamai ba su cika duban kalmomin waƙar zamani ba, abin da suke dubawa shi ne abin da yake tafe da ita. Jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma cuɗanyar maza da mata a fagen rawa da irin suturar da ake gani a bidiyon mawaƙan Ikko abin ƙi ne a wurinsu. Duk da haka ana sassauta wa baƙo fiye da ɗan gida. Hujja a kan wannan ita ce abin da ya faru a watan Oktoba na 2016, lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinan Hausa ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙar soyayya ta mawaƙin Jos mai suna ClassiQ. Abin da aka gani a wannan bidiyo bai kai abin da ake gani a na mawaƙan kudu ba, amma da yake 'yar Hausa ce Musulma ta yi shi, hukuncin ya yi tsanani. Wannan yana nuna cewa ma'aunin karɓuwa a ƙasar Hausa yana duban wanda ya yi abu kamar yadda yake duban abin da aka yi.

4.6.3 Makaɗan Gargajiya

Waɗanda abin ya fi shafa su ne ƙananan makaɗan gargajiya. A da, biki ba ya cika sai an kira mai kalangu ko mai goge ko mai gurmi, a ciyar da shi da yaransa, a yi masa kari. Da zuwan mai sa kiɗa da janareto da lasifika, mai biki yakan biya mutum ɗaya kuɗin da aka yi ciniki, ya sami waƙoƙi ɗaruruwa. Manyan makaɗa irin su Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri sun tsira da martabarsu saboda suna da iyayen gida a fada da cikin attajirai, kuma faifai ba ya iya kiran sunan mai biki ya jero asalinsa. Amma makaɗin ƙauye wanda abincinsa yake kan bukukuwan kaka ya rasa kaso mai yawa na aikinsa, kuma ɗansa ba shi da kwaɗayin gadon sana'ar. A ɗaya hannun, matasan da suke sha'awar waƙa sun koma situdiyo, suna ɗora kalmomin Hausa a kan kiɗa mai kama da na Ikko, wasunsu ma suna haɗuwa bibbiyu kamar yadda tagwayen suka yi.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda aka shirya waƙar "E No Easy" a 2009, aka sake ta da Faransanci a 2012, da yadda kowace siga take da tata hanyar zuwa ƙasar Bagudo, ɗaya daga kudu ɗaya daga yamma. An nuna cewa abubuwa uku ne suka sauƙaƙa mata shiga: kiɗa mai sauƙin takawa, da gindi mai sauƙin amsawa, da turken da ya yi daidai da tunanin Bahaushe game da wuya da daɗi. An kuma nuna cewa lokacin tashenta a nan kaka ce da Sallah, saɓanin lokacin da aka shirya juyinta dominsa a Turai. Ta fuskar amfani kuwa, mai turi da mai sa kiɗa sun sami abin sawa a baka, mawaƙan ba su karɓi komai daga kwafin da ake turawa ba, makaɗin ƙauye kuma ya yi asarar fagensa. A babi na biyar za a duba waƙoƙin da matasan yankin suke shiryawa da kansu, domin a ga abin da suka aro daga waje da abin da suka riƙe na gida.